Kwana Guda a Kan Dutsen Chappal Waddi



An nemi mu yi magana a kan tafiyar ƙasa zuwa cikin duwatsu, watau irin tafiyar da mutum zai goya kayansa a baya, ya yi nisa da gari, ya kwana a daji, gari ya waye ya komo. Wani zai ce wannan aikin Turawa ne da marasa abin yi. Mu kuwa muna ganin ɗan makarantar da zai riƙi al'amuran ƙasa gobe ya fi kowa bukatarta, domin da yawanmu mun haddace sunayen duwatsun Turai saboda jarrabawa, alhali ba mu san dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu ba.

Sunansa Chappal Waddi, waɗansu kuma na kiransa Gangirwal. Yana Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, tsawonsa mita 2,419. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, kuma duk Nijeriya babu gandun da ya kai shi faɗi. Wannan yanki dā yana hannun Jamus, daga baya ya koma riƙon Ingila, sai a 1961 mutanensa suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya.

Mai niyyar hawa, lalle ne ya fara da ofishin gandun da ke Serti, ya nemi izini, ya tambayi lafiyar hanya, a haɗa shi da ɗan jagora. Da ɗan gari akan ci gari. Hazo kan rufe dutsen nan ba sallama, wanda bai san turba ba kuwa sai ya yi ta kewaya wuri guda. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, saboda da damina rafuka kan cika, gangare ya yi santsi. Idan aka ɓullo ta ɓangaren tsaunin Mambila tafiyar ta fi gajarta, domin an riga an yi rabin hawan a mota.

Sai batun kaya, kuma a nan ne darasin farko yake. Ƙa'idar masu wannan tafiya ita ce kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Duk abin da muka cusa a jaka da safe muna murna, kafaɗarmu za ta biya kuɗinsa da azahar. Saboda haka guzurin kakanninmu fatake har yau ba a yi wanda ya fi shi ba: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, ganyen shayi da sukari. A haɗa da gorar ruwa, tocila, ashana, 'yar tukunya, tanti, bargo da rigar sanyi. Takalmi kuwa a sa wanda ƙafa ta saba da shi, sabo ba ya haifar da kome sai bororo.

Kada wanda ya taso a zafin Sakkwato ko Maiduguri ya raina bargon nan. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 zuwa 7, ga iska ba abin da ke tare ta. Har ila yau, da yake iskar sama ba ta da nauyin ta ƙasa, ruwa kan tafasa a wajen digiri 92 maimakon 100, shi ya sa wanda ya ɗora wake a can zai daɗe yana jira. A kafa tanti tun rana ba ta faɗi ba, a wurin da ke da kariya daga iska, nesa kaɗan da rafi. Ruwan rafin kuma, kome kyansa a ido, a tafasa shi kafin a sha.

Daren ne ke koya wa mutum matsayinsa. Babu lantarki, babu ƙarar mota, babu mai tambayar takardar shaidarka. Ɗan jagoran da wataƙila bai gama firamare ba shi ne shugaba, mai digiri kuwa mabiyi. Tafiya kan daidaita da saurin wanda ya fi kowa rauni, ba a barin kowa a baya. Wanda ya koyi wannan a kan dutse, muna fata ba zai manta da shi a ofis ba.

Da asuba, in an kai ƙololuwa, sai ga ciyawa shimfiɗe inda Fulani ke kiwo, ga kurmi baƙi ƙirin a cikin kwazazzabai. A dazukan nan akwai ɓauna da damisa da birai iri-iri. Amma babban arzikinsu ruwa ne. Itatuwan nan su ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa sannu a hankali cikin rafukan da ke zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, Binuwai ya sadu da Kwara a Lakwaja. In aka sare kurmin, ko wani ya bar garwashi a busasshiyar ciyawa, manomi da masunci da ke nesa ƙwarai su za su ɗanɗana, da ambaliya a damina da ƙafewa a rani. Don haka a kashe wuta da ruwa har toka ta huce, kuma duk gwangwani da leda da muka hau da su mu sauko da su.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda wata rana za a ajiye musu takarda a tebur, ta neman izinin yankan katako ko haƙar ma'adini a irin waɗannan wurare. Gani ya kori ji. Wanda ya taɓa shan ruwan rafin nan ya kwana a gefensa zai karanta takardar sau biyu kafin ya sa hannu. Wanda Taraba ta yi masa nisa, ga duwatsun Shere a gabashin Jos, masu tsawon mita 1,829, sun isa mafari. Abin da muke roƙo shi ne a hutun da ke tafe ƙungiyarmu ta tsai da rana, mu haɗa guzuri mu hau.