Kafin a Saka Kifi: Magini, Ruwa da Tafkin Bayan Gida

 

Hausawa ba baƙin kifi ba ne. Muna da masunta da sarakunan ruwa tun kaka da kakanni, bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali tun 1934, bandar Baga kuwa ta daɗe tana ratsa ƙasar nan har kudu. Amma kama kifi daban, kiwonsa daban. Masunci kogi ne ke yi masa reno. Wanda ya gina tafki a bayan ɗakinsa kuwa ya ɗauki aikin kogin a kansa: shi zai kawo ruwa, shi zai fitar da ƙazanta, shi zai ciyar. Abin da na zo faɗa yau shi ne, da yawa daga cikin kifin da ke mutuwa a gidajenmu tun ranar da aka yi jinga da magini aka kashe su.

Ni kaina haka ta faru da ni. Birkilan da ya gina mini ɗakuna ya ce tafki ai ɗaki ne marar rufi. Ya jera bulo, ya yi shafe mai kyan gani. Da muka cika ruwa, cikin kwana uku gefe guda ya jiƙe, daga baya ya tsage tun daga kusurwa. Ba mugunta ya yi ba, bai taɓa gina abin da ruwa ke turawa dare da rana ba. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na ruwa nauyinsa tan guda ne. Ku auna tafki mai mita uku da biyu, ku ga abin da bango ke tarewa.

To yaya ake gane wanda ya iya? Gani ya kori ji. Kada ku tsaya ga hoton da zai nuna muku a waya. Ku ce ya kai ku tafkin da ya gina shekara biyu da suka wuce, wanda har yanzu akwai kifi a ciki, ku keɓe da mai gidan ku tambaye shi ko yana yoyo. Masu sayar da 'ya'yan kifi da abincinsa sun fi kowa sanin maginin kirki, domin su ake kai wa kuka idan kifi ya mutu. Sannan ku saurari tambayoyinsa. Wanda ya fara da kuɗi, ku yi hattara. Wanda ya san aiki zai fara da cewa, Alhaji, ina ruwanka yake, kuma ina zai tafi idan an sake shi? Zai ce bulo mai inci 9 za a sa, a cika ramukansa da kankare, a sa rodi a kusurwoyi, a karkata daɓen zuwa bakin bututu yadda ruwa zai fita ƙarƙaf ba sai da bokiti ba. A rubuta duk wannan a takarda gaban shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kayan aiki, cikon kuwa sai an cika tafkin ya kwana bakwai ruwa bai ragu ba sai ɗan abin da rana ta sha.

Idan mai gyaran farfajiya ne kuka ɗauko, irin masu shuka furanni da ciyawa, ku lura da wurin bishiya. Yana son inuwa don ado, kifi ma yana son inuwa a bazara, amma saiwar darbejiya ko mangwaro tana fasa daɓe, ganyen da ke zuba kuma ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Rumfa ta fi. A sa raga a sama saboda tsuntsaye, a kuma yi ƙofa mai kuba. Wannan ina roƙon ku da girman Allah: ruwan da bai kai ƙugun babba ba ya isa ya halaka yaro mai rarrafe.

Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona fatar kifi da hanyar numfashinsa. A cika, a bari ya jiƙa, a zubar, a sake, har wajen mako biyu kafin a saka ko ɗa guda. Ruwan famfo na gwamnati yana da kulorin, sai ya kwana a buɗe. Na burtsatse ya fi sauƙi.

Tarwaɗa ce muka fi kiwo, da dalili: tana iya shaƙar iska daga sama, don haka tana jure ruwan da ƙarfasa ba za ta jure ba. Wannan juriyar ce ke yaudarar mutane su yi sakaci. Kashinta da ragowar abinci suna zama guba a hankali. Ruwa ba ya tsami banza. In kun ji wari, ko kuka ga kifi sun rataye a tsaye kai sama, ko sun ƙi cin abinci, ku dakatar da ciyarwa ku sauya ruwa kafin ku nemi magani. Abinci shi ke cin fiye da rabin jarin, kuma wanda aka watsa ya wuce kima asara biyu ne, ga kuɗi ga ruwa. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, saboda haka a riƙa tacewa ana raba manya da ƙanana a watannin farko. Da hunturu ruwa kan yi sanyi, cinsu ya ragu. A rage abinci, a jira rana ta ɗaga. Mai son zurfafa ilimi, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa kusa da Kainji, kuma ma'aikatun gona na jihohi suna da sashen kifi.

Saura maganar maƙwabta, wadda ta fi damuna. Na ga lunguna da ruwan kifi ya mayar kwata, ga wari ga sauro, har zumunci ya lalace. Alhali ruwan nan taki ne. Tun ranar awo, ku sa magini ya ja bututun zuwa ɗan lambu: zogale, alayyafo, ayaba, gwanda, duk suna sonsa. Idan gidan ba shi da fili, a haƙa rami mai tsotse ruwa nesa da rijiya. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, shawarata ya fara da ƙaramin tafkin tamfol da kifi kaɗan, ya ga yawan ruwan da yake zubarwa a mako, kafin ya kira birkila.