Wuta da Itace: Jawabi ga Masassaƙa da Kafintocin Birnin Kebbi da Argungu



Duk mai ƙofar katako a kwarin Rima ya san halinta. Da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu kuwa ta motse har ta tsage. Dalili shi ne, itace yakan sha laima daga iska, ya kuma sake ta in iska ta bushe.

Tun kaka da kakanni masassaƙa sukan babbake ƙota da gindin dirka don su yi ƙarko. Masana sun bi diddigin wannan al'amari. A Amurka, Alfred Stamm da abokan aikinsa sun bayyana a 1946 cewa zafi mai tsanani yana rage kumburin katako. A shekarun 1990 mutanen Finlan suka mai da abin sana'a, watau suna gasa katako a zafin digiri 190 zuwa 212 na ma'aunin Salsiyos, cikin tururi, domin kada ya kama wuta.

To, ga abin da ke faruwa. Cikin itace akwai wani sinadari dangin sukari, shi ne ya fi jawo ruwa. Zafi yakan rushe shi. Saboda haka kumburi da motsewa sukan ragu, wani lokaci da kusan rabi. Katakon ya yi duhu, ya rage nauyi, ba ya kuwa saurin ruɓewa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Gasasshen katako yana da gautsi, ba ya jure lanƙwasa da bugu kamar wanda ba a gasa ba, har ƙusa takan tsaga shi in ba a fara hudawa ba. Gara kuma ba ta shakkarsa. Babbaka a wutar fili kuwa baya kaɗai take taɓawa, cikin itacen yana nan yadda yake.

Domin haka, ya kamata kafinta ya san mazaunin kowane katako. Gasasshe ya dace da ƙofa da taga da benci. Amma kada a yi azara ko dirka da shi, gama in ya karye ba ya kashedi, rufin ɗaki kuwa a kan iyali yake. Nan giginya da ƙirya ne gwanaye, in an bar su sun bushe sosai a inuwa. Haka kuma jirgin masunta na Matan Fada, mai shan karo da bugu kullum, itace mai ƙwari yake bukata, irin su maɗaci.

A taƙaice, wuta takan ba itace natsuwa, ta karɓe masa ƙarfi. Wanda ya kiyaye wannan ya tsare dukiyarsa da rayukan mutanen gidansa.

Allah ya sa albarka a sana'a, amin. Wassalam.