Wanda ya bar kwalba, ina zai zauna ranar buki?



An ba ni ɗan lokaci in yi magana albarkacin ranar 26 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Waɗanda suka riga ni sun yi zancen kame da kaso, sun tuna mana tan 17 na wiwi da aka kama a Yamai cikin watan Maris na 2021. Ni kuwa ba ɗan sanda ba ne, ba lokotoro ba ne. Tsohon ma'aikaci ne ni, wanda ya fara shan giya a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, albashi ya zama sai an ga dama. Na daɗe ciki. Yau na fi shekara goma ban ɗanɗana ba.

Abin da ya fi ba ni wuya ba daren kaɗaici ba ne. Gayyata ce.

Lokacin da na bari, shawarar da kowa ya ba ni ita ce in guji taro. Na guje shi wata shida, kuma ya kamata, gama ɗanyen rauni ba ya son cunkoso. Amma a ƙasar nan wa zai iya ɓuya har abada? Zumunci a ƙafa yake. Ɗan kasuwar da ba a gani wurin suna da ɗaurin aure, gobe ba a ba shi kaya bashi. Ma'aikacin da ya ƙi zuwa shagalin ƙarin girman abokinsa, an rubuta masa hassada. Wanda kuma ya kulle kansa cikin ɗaki, kaɗaicin nan shi ke mayar da shi inda ya fito.

Ku lura, maƙiyi bai taɓa miƙa mini kofi ba. Aboki ne, da murmushi: "Haba Malam, yau ɗaya, don ni." Mu kuwa an raine mu da kara, ƙin abin da aka miƙo maka da hannu biyu kamar zagi ne. Sau biyu kara ta kayar da ni kafin in gane cewa dogon bayani ƙofar ciniki ne. Kun fi ni sani, alhazai, wanda ya tsaya taya kaya ya kusa saye. Yanzu amsata guda ce: "Na gode, ba na sha." Ba na cewa ciwon ciki, ba na cewa sai wani jiƙon. In ya nace, in maimaita masa ita yadda take.

Ina zuwa da wuri, in gaida mai buki, in ba da gudummawata a idon jama'a, in ci tuwo in ƙoshi, domin yunwa da gajiya su ne ƴan rakiyar sha'awa. Hannuna ba ya rabuwa da bisap ko lemu, gama hannun da ke riƙe da wani abu ba a cika miƙa masa ba. Ina zuwa da babur ɗina, kada tafiyata ta rataya ga motar wani. Da na ga dattawa sun fara sallama, an fara raɗa cewa a kewaya bayan gida, na san bukin da aka gayyace ni ya ƙare.

Ga samarinmu kuwa tarkon ya fi ɓoyuwa, domin ba kwalba ake gani ba. Tramol ne, ana narka shi cikin shayi ko kafe a fada. Magani ne na kashe raɗaɗi, dangin su morfin. Likitoci ba su yarda babba ya wuce miligiram 400 a yini ba, amma ƙwayar da ke yawo a tire akwai mai 225. Biyu sun riga sun ƙetare iyaka. Abin da yaron da ya bari bai sani ba shi ne jikinsa ya manta sabo. Adadin da yake haɗiyewa bara yana tafiya daram, bana yana iya jefa shi cikin farfaɗiya ko ya tsayar masa da numfashi. Saboda haka in ɗanku ya ce ba ya shan shayin da bai ga dafuwarsa ba, kada ku ce girman kai ne.

Wannan gwagwarmaya ba tamu kaɗai ba ce. A 1935, a garin Akron na Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi ƴan watanni da barin giya, ya ga cinikinsa ya rushe. Yana tsaye a zauren otel, ga mashaya nan ana ta raha. Maimakon ya shiga, sai ya nufi tarho, ya yi ta bugawa har aka haɗa shi da wani likita mashayi, Bob Smith. Daga zaman mutanen nan biyu aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Ni ma ina da nawa mutumin, tsohon direba ne. Kafin in shiga kowane buki sai na kira shi, in na fito in sake kira.

Saura ku masu gayyata. In kun san baƙonku yana wannan hali, kada ku fallasa shi, kada kuma ku daina kiransa don tausayi. Wannan ma wani irin kora ne. Ku zaunar da shi kusa da dattawa. In ya miƙe tun ana tsakiyar kiɗa, ku raka shi ƙofa ba tare da tambaya ba.

Ranar da na aurar da ɗiyata, tsoffin abokaina sun zo da kayansu cikin bayan mota. Na ce musu gidana ne. Biyu suka yi fushi suka tafi, har yau ba mu gaisawa. Na ukun ya zauna ya ci shinkafa, bayan sati guda ya zo yana tambayata lambar direban nan.