Kishin Ƙasa da Haƙƙin Maƙwabtaka



A watan Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa aƙidarsa ta fifita ƙasarsa a kan kowa. A cikin watan ne kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, da sunan kare 'yancinsu.

Son ƙasa abin yabo ne. Amma mu dubi manomin Dambatta ko Bichi. Takin zamanin da yake zubawa a gindin gero da dawa, da sinadaran Maroko da Rasha ake haɗa shi. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, buhu ya gagari talaka. Amfanin gonar da yake kaiwa kasuwar Dawanau kuwa, wani Maraɗi zai nufa, wani ƙetaren teku. Da aka rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, manyan motoci sun yi cirko-cirko a Jibiya, ciniki ya ja baya, har sai da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yancin gaskiya shi ne mu cika rumbunanmu, mu sarrafa takinmu a gida, sannan mu yi hulɗa da duniya cikin mutunci.

Muna kira ga shugabanninmu: ku kare martabar ƙasa, amma kada rikicin siyasa ya sake toshe hanyar abincin talaka.