Koren Fenti Da Abokan Tafiyarsa

Jama'a, tun bayan ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje da yawa a Jigawa, an gina sababbin ɗakuna a ƙasar Miga. Waɗansunmu sun sayo koren fenti daga Dutse, mai kama da garin kuka. Launi ne mai kyau, ba ya nuna dauɗa. Amma fa yana shan haske.

Ɗakunanmu da ma taga ɗaya gare su, ƙarama. In muka shafe bango duka da kore, mun mai da rana dare. Mai karatu ya wahalar da idonsa, sauro kuma ya sami maɓoya, don duhu yake so.

To, ga dabara. Mu auna kamu 3 daga ƙasa, mu ja zare. Ƙasan zaren mu shafa kore, gama nan ne hannun yara yake taɓawa. Sama kuwa sai farar ƙasa. Fari yana komo da hasken fitila kan littafi, ga shi ya fi fenti araha nesa ba kusa ba.

Inda suka haɗu, a ja layi siriri da jar ƙasa. Kwanonin jeren amarya, masu ja da rawaya, suna fita sosai a kan wannan kore. Shuɗi da baƙi kam, a bar su, duhu ne kan duhu.

Kada mu yi shafe sai da rani, bayan yaɓen siminti ya bushe sarai. Bango mai laima ba ya riƙe fenti, ɓarewa yake yi.