Abincin Daji: Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci Na Ƙasar Zermu



Maganar yau a kan abincin da ba a shuka ba ne, wanda Allah ya ajiye a daji da gonaki da gefen hanya. Kowa ya san yadda shekara take a ƙasar Zermu da sauran gundumar Mirya. Da kaka rumbu cike yake. Da bazara hatsi ya fara ƙasa. Idan ruwa ya sauka, ga aikin noma ya yi yawa, ga rumbu ya kusa ƙarewa, ga tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa. A wannan tsakani ne daji yake riƙe gidaje da yawa.

Tsofaffi ba su manta da 1973 da 1974 ba. Ba su manta da 1984 ba, shekarar da ake kira El Buhari. A 2004 fara ta sauka, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, sai 2005 ta zo da yunwa. A waɗannan shekaru mata sun bi daji suna tsinkar anza da jiga, har da tsintar ƙwayar ƙarangiya. Daga nan ne wasu suka ɗauki abincin daji abin kunya, wai sai matsiyaci ke cin shi. Wannan kuskure ne babba. Yaron da ke cin tuwo da fura kaɗai, babu ganye, shi ne dundumi ke kamawa, ya kasa gani da magariba. Mace mai ciki ma haka. Koren ganye yana cikin abin da ke tsare mutum daga dundumi, yana kuma ƙara jini.

Kowane lokaci da nasa rabo. Da farkon damina tafasa ce ke fara fitowa, sai gasaya da lalo da rama. Da kaka da ɗari, magarya da aduwa da kanya suke nuna. Da rani yaɗiya tana nan kore shar a kan ƙaya, lokacin da sauran ciyawa ta bushe. Da bazara kuma ga nunu, wato ƴaƴan ɗanya.

Tafasa tana son a tsinke ta tun tana ƙarama, kafin ta yi fure. A wanke ta sosai, domin bisashe suna bi ta wurin. A dafa ta, a tsiyaye ruwan, a matse. Sannan a daka ƙuli-ƙuli, a zuba tonka da albasa da gishiri da ɗan mai, a kwaɗa. Idan garin hatsi ya yi kaɗan, a turara shi da ganyen a yi dambu, tiya guda sai ta ciyar da mutanen da da ba za ta ishe su ba. Mata da yawa suna son zuba kanwa da yawa don ganye ya nuna da wuri. Kaɗan ta isa. Kanwa mai yawa da doguwar dahuwa suna kashe amfanin ganye.

Wanda ya samu ganye da yawa ya shanya na gaba. Amma a inuwa za a shanya, bisa tabarma, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma bisa ƙasa ba. Ganyen da ya bushe a inuwa yana nan da korensa da amfaninsa. A zuba shi cikin buhu ko tulu mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Sai maganar anza, wadda take buƙatar a saurara da kyau. Anza ba ta jin fari, tana ba da ƴaƴa ko a shekarar da hatsi bai yi ba. Ƙwayarta, da ake kira dilo, abinci ne mai riƙe ciki kamar wake. Sai dai tana da ɗaci, kuma ɗacin nan ba na wasa ba ne, yana cutarwa. Bayan an shanya an ɓare, sai a jiƙa ƙwayar cikin ruwa mai yawa. Kowace safiya a zubar da ruwan a sake wani. Haka za a yi ta yi kwana da kwanaki, har mace ta tauna ƙwaya ɗaya ta ji babu sauran ɗaci ko kaɗan. Sannan ne za a dafa, a ci da mai da gishiri, ko a shanya a niƙa a gauraya da garin hatsi. Ruwan jiƙon a zubar da shi nesa da yara da bisashe.

A nan ne hatsari yake. Ranar da babu komai a gida, yara na kuka, rijiya kuma da nisa, uwa takan yi gaggawa ta dafa dilo bai gama jiƙa ba. Gidan da ya ga hatsinsa zai ƙare, ya fara jiƙo tun da sauran abin ci, kada ya jira sai tukunya ta zama wayam. Maigida kuma ya taimaka da ɗebo ruwa a kura ko bisa jaki, aikin nan ya fi ƙarfin mace ita kaɗai. Idan yaro ya ci ya kama amai ko jiri, a kai shi likita nan take.

Anzar da ake rainawa yau ta zama haja. Tun 2014 akwai wani kamfani a birnin Damagaram mai suna Sahara Sahel Foods. Yana sayen ƴaƴan itatuwan daji daga hannun matan ƙauyuka, yana yin gari da cincin na anza da man aduwa, ƴan birni suna saye da kuɗinsu.

Yara su ne suka fi yawo a daji, don haka a nuna musu abin da ba a ci. Rai-ɗore ya yi kama da tafasa, amma ganyensa mai tsini ne, na tafasa kuwa bakinsa a kewaye yake. Ƴaƴan rai-ɗore suna cutar da yaro ƙwarai. Haka ƴaƴan zaƙami da na bini-da-zugu, da nonon tumfafiya. Fara ma abinci ce mai kyau, amma wadda aka kama a gonar da aka fesa wa magani, ko aka tsinta a mace, ba ta ciwuwa, ba ta sayuwa.

Duk wannan sai da itace a tsaye. Mai sassabe ya duba kafin ya sa gatari. Idan ya tarar da tohon anza ko aduwa ko magarya a gonarsa, ya bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, kamar yadda manoman Mirya da Magarya da Matameye suka raya gawo a gonakinsu. Mai neman ganyen kuka ya tsinka, kada ya sare reshe. Mai kaɗa aduwa ya jira ta nuna.

Ga aikin da kowane ɗalibi zai yi kafin zama na gaba. Ya je wurin tsohuwa ɗaya a unguwarsu, ya gaishe ta, ya ce: "Iya, wane ganye da waɗanne ƴaƴan itace kuka ci a 1984, kuma yaya kuka gyara su?" Ya rubuta sunayen cikin littafinsa, kowane da lokacin da ake samun shi da wurin da yake fitowa. Wanda aka daina gani a dajin Zermu, a ja layi a ƙarƙashinsa, malami zai tattara a kai wa ma'aikatan gandun daji.