Faifan Ɗanƙwairo



Ranar kasuwar Anka na ji wani mai shayi ya saka tsohon faifan Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Wani dattijo daga Dareta ya ajiye kofinsa, ya kasa kunne har waƙar ta ƙare.

Mutane sun fi sanin Ɗanƙwairo da waƙar Sardauna Ahmadu Bello da ta sarakuna. Amma da waƙar noma ya soma, a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, kafin kotso ya kai shi fada. Ku saurari yadda yake ɗaga murya, 'yan amshi su karɓe kamar baki ɗaya. Ni wannan karɓin ne ke tsuma ni.

Ya rasu a 1991, amma matasan Gummi da Bukkuyum na tura wa juna waƙoƙinsa a waya.